Sate Na Ce, Ba Sata Ba

Jiya wasu samari biyu suka zauna a bencina suna jiran a gasa musu. Sai na ji ɗayan yana ce wa ɗan'uwansa wai idan aikin gwamnati ya ƙi samuwa tsire zai fara, ai ba wani abu ba ne, nama ne da wuta da yaji. Ban tanka masa ba, don kwastoma ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To ku matso, ku masu ganin sauƙinta, in gaya muku yadda na kusa rasa sana'ar nan ɗungurungum a kan harafi ɗaya tak.

Sunana Shehu, amma a Lafiya in ka ce Shehu sai a tambaye ka wanne. Ka ce Mai Sate, kowane mai keke napep zai sauke ka a gabana. Ni ba gadon fawa na yi ba, haye na yi. Babarbare ne ni, ubana manomin doya, kuma da gemuna na shiga sana'ar bayan noma ya ƙi ni shekara biyu a jere. Ku riƙe wannan, don ɗan gado in ya yi kuskure a kwata akwai masu tsaya masa. Ɗan haye kuwa ba shi da kowa sai sunansa.

Aikin farko da maigidana Baba Tanko ya ba ni shi ne feƙe tsinke. Wata huɗu ina feƙe tsinke, ina wanke katako, ina gyara tokar tukuba, ban taɓa nama ba sai in za a ɗauke shi daga nan zuwa can. In tsinke ya yi kauri ya yaga naman, in ya yi siriri ya karye a hannun mai saye. Baba Tanko zai ɗauki guda ya shafa a bayan hannunsa, in ya ji ƙaiƙayi ya watsar da duka ɗaurin ya ce in sake. Daga nan aka koya mini wasa wuƙa, sannan yanka. Ana bin kwanciyar tsokar ne a yanka ta falle-falle, a cire jijiya, a bar ɗan kitse. Ƙuli kuma ba kowanne ba. Wata mata ce daga Obi take kawo mana, wanda aka matse mansa sosai, don mai mai yana yin baƙi tun nama bai nuna ba.

Amma abin da ya fi ba ni haushi a wurin tsohon nan shi ne zuwa kwata. Bayan sallar asuba zai tura ni, ya ce lallai in isa kafin a kayar da dabba. In na dawo da naman ba ya ko kallonsa, ni yake kallo.

"Sa ne ko saniya?"

"Sa ne, Baba."

"Wane launi? Ƙahonsa fa? Kunnen akwai tsaga? Hagu ko dama? Hannun wa mahaucin ya saye shi?"

Ran da na ce ban lura da kunnen ba, wallahi sai da ya sa na mayar da cinya guda kwata a kaina, rana tana dukana, mahauta suna yi mini dariya. Ya ce shi ba ya ciyar da mutane dabbar da ba a gan ta a tsaye ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Amma abin ya bi jikina. Har bayan ya rasu na kafa tukubata ni kaɗai a bakin kasuwa, ta wajen hanyar Doma, ban iya sayen nama sai na zagaya dabbar na kalli kunnenta.

Shekara ta kai goma ina tsirena da balanguna lafiya lau, sai wani kamfanin 'yan Chana ya kafa sansani a bayan gari suna aikin hanya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani ɗan gajeren mutum fari mai baƙar hula ya tsaya a gabana. Duk mun ɗauka ɗan Chana ne. Sai ya yi sallama, cikakkiya, har da wabarakatuhu. Mai lemon da ke kusa da ni ya saki wuƙa. Ashe ɗan Malesiya ne, Musulmi, sunansa Azman, shi ne mai leƙa na'urar nan mai ƙafa uku yana awon hanya. Ya nuna naman ya ce, "Halal?" Na ce, "Haba Malam, tare fa muka fito sallah." Bai ji Hausa ba, ni kuma Turancina na kasuwa ne, amma mun fahimci juna. Na ba shi tsinke ɗaya. Ya gatsa, yaji ya sarƙe shi, ya yi ta tari yana hawaye yana ɗaga mini babban yatsa.

Da ya huce sai ya ce a ƙasarsu ma akwai ɗan'uwan wannan, sunansa sate. A bakin titi ake gasa shi kamar namu, Malayawa su ci, 'yan Chanan da ke zaune a can su ci, mai kuɗi da talaka duk a benci ɗaya. Lahadin da ta biyo ya dawo da kukun sansanin, wani ƙaton ɗan Chana mai suna Lin. Shi kuma Lin ya ce a garinsu cuwan ake kiransa, kuma nasu ya fi. Suka tsaya a kan tukubata suna musu da hannu da baki, kowa yana nuna yadda ake riƙe tsinke a ƙasarsu. Na ce to ku daina faɗa, ku nuna mini a nama.

Ranar da Malam Azman ya fara koya mini, na ɗauka wasa da abinci yake yi. Ya yanka naman ƙanana-ƙanana kamar kan yatsa. Ya daka albasa da tafarnuwa da ɗanyar citta da kurkum da gindin ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami da muke sawa a shayi. Sai na ga ya ɗebo sukari.

"Sukari a nama? Malam, koko za mu dama?"

Ya yi dariya ya zuba. Ya cuɗa naman a ciki ya rufe, ya nuna agogonsa, wai sai an ba shi awa uku. Tsinken kuma na gora ne siriri, a jiƙa shi a ruwa don kada ya ci wuta. Gyaɗar da mu muke shafa wa nama, su a gefe suke ajiye ta. A soya ta, a daka ta ba lukui ba, a dafa da ruwan tsamiya da attarugu da ɗan sukari har mai ya taso sama, sai mai ci ya riƙa tsoma tsinkensa a ciki. Lin kuma abu ɗaya ya ƙara, ya ce bayan kowace tsoka biyu a soka kitse ɗaya. Na ɗauki wannan, na riƙa sa tozo.

Murhun ma daban ne. Wani mai walda ya yi mini shi, dogo, siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, naman ya kwanta a kan garwashi kai tsaye, gindin tsinken ya fito waje. A nan na san ban iya komai ba. Tsirenmu a gefen wuta yake jingine, kana iya amsa gaisuwa, ka yanka albasa, ka dawo ka same shi yana jiranka. Sate ba ya jira. Sukarin nan yana kamawa nan take. Hannu ɗaya mafici, ɗaya yana juyawa, kana shafa mai da gindin ciyawar da ka farfasa. Ka waiga ka ce "lafiya lau" ka dawo, ya zama gawayi. Sati uku iyalina suna cin ƙonannen nama har suka fara roƙona in bari. Ban bari ba, don na riga na sa kaina sai na iya.

Da na iya kuwa, sai abin ya karɓu. Ma'aikatan sakatariya suka riƙa zuwa da tsakar rana, musamman mata da masu gyambon ciki da yaji ya hana su tsire. Na sa aka rubuta mini allo da jan fenti, NAMAN SATE, na rataya. Ina fifita ina kira, "Sate! A zo a ci naman sate!" Kun san Hausar Lafiya, yare ya fi goma a kasuwar nan, kowa da yadda yake ƙarasa kalmarsa. Mutum zai ce maka mota ya zo, matata ya tafi, ba wanda ya damu. To wa zai tsaya bambance sate da sata? Masu wucewa su ce, "Shehu, yau ma naman satar ne?" In ce, "Shi ne, zo ka ci a kama mu tare." A yi dariya a wuce. Shekara guda ana wannan wasan. A cikinta Malam Azman ya gama awonsa ya koma ƙasarsu, lambar da ya bar mini ta daina shiga.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Arɗo Jibo. Dattijon Bafulatani ne, rugarsa tana gaba da Doma. In ya shigo gari yakan tsaya a inuwata ya huta. Kun san tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, to shi bai taɓa kiran sunana ba. Daga nesa zai ɗaga sanda ya ce, "Bawana, kana nan kana ƙona wa mutane nama?" In ce, "Ina nan, bawan Barebari, yaushe za ka kawo mini harajin nono?" Yakan sayi tsire, amma kullum sai na naɗe masa a takarda ya sa a aljihun riga. Shekara goma ban taɓa ganin ya kai ko ƙwayar gyaɗa bakinsa ba. Dattijon Fulani ba ya cin abinci a kasuwa a gaban mutane, abin kunya ne babba a wurinsu. Ko ruwa zai sha sai ya juya baya ya tsuguna.

Sai muguwar shekarar ta zo. Satar shanu ta yi ƙamari a dazukan Doma da Obi, aka fara raɗe-raɗin cewa ana yanka shanun a daji a shigo da naman gari cikin buhu. Ana cikin haka aka kwashe garken Arɗo Jibo, ba a bar masa komai ba sai 'yan maruƙa da tumaki. Matan Fulani masu tallar nono kuwa kullum suna wucewa ta gabana suna jin kirana. Su ba su san wasan da muke yi ba. Suka kai labari ruga cewa akwai wani a Lafiya da rana tsaka yake shelar naman sata, har ya rubuta a allo.

Kwana goma sha ɗaya da satar, ina cikin fifita, na ga Arɗo tsaye da ɗansa babba. Na buɗe baki zan tsokane shi, sai ya ce, "Shehu."

Ranar ce ya fara kiran sunana. Ya ɗaga sanda ya nuna allon.

"Ni ban yi boko ba. An ce nan an rubuta naman sata."

"Sate, Baffa. Sate. Sunan abincin ne a wata ƙasa."

"Wace ƙasa ce ake kiran abinci sata?"

Na yi bayani, na ambaci Malam Azman, na nuna masa miyar gyaɗar. Bai kalle ta ba. Ya ce, "A cikin shanun nan akwai jikokin saniyar da uwata ta ba ni ranar suna. Shekara goma ina zama a inuwarka." Ya juya ya tafi. Duk wanda ke wurin ya ji, kuma kafin la'asar duk kasuwa ta ji.

Washegari Sarkin Pawanmu ya kira ni. Mutumin kirki ne, ba zan ce ya zalunce ni ba. Amma 'yan gado sun cika rumfar mahauta suna cewa ɗan haye ya jawo musu zagi, Fulani sun ce ba za su ƙara kawo dabba ba muddin ina cikinsu. Na ce a ba ni dama in kawo shaida. Na hau acaba har sansanin 'yan Chana na roƙi Lin ya biyo ni. Ya zo da farar rigarsa ta kuku, yana murmushi, bai san me ake ciki ba. Na ɗaga tsinke a gaban jama'a na ce, "Lin, wetin be dis? No be sate?"

Ya girgiza kai da ƙarfi. "No sate! Cuwan! Cuwan!"

Kash! Shi tsohon musunsa da Malam Azman ya tuna. Rumfa ta kwashe da dariya, wani ya ce, "To ga shi, ɗan Chanan ma ya ƙaryata shi." Da na iya yarensu, da Lin ya ji abin da bai taɓa ji ba ranar.

Wata kwastomata, Madam Ladi ta sakatariya, da ta ji labari ta zo da kanta har gaban Sarkin Pawa da wayarta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan magana ba shi da kai fa. Ga shi nan a waya, hoto da suna duka. Abinci ne, mutane yana ci a Malesiya." Ya karɓa ya duba da kyau, ya mayar mata. Ya ce, "Madam, na yarda akwai abinci mai wannan suna. Amma yanzu ba suna ake tambaya ba, saniya ake tambaya. Wayarki za ta faɗi wace saniya ya gasa?" Sannan ya juyo gare ni. Ya ce daga yau ba mahaucin da zai sayar mini da nama sai Arɗo da bakinsa ya wanke ni. Ya ƙara da shawara, in sauke allon, in koma tsirena, in bar ƙura ta lafa.

Kowa abin da ya ce mini ke nan. Mai lemo ya faɗa, limaminmu ya faɗa, har uwargidana ta ce in koma Akwanga in sake sabon wuri inda ba a san ni ba. Na ce ba inda za ni, kuma allon nan ba zai sauka ba. In na goge shi yau, gobe a ce an kama shi ya goge. Har in mutu ni ne wanda ya taɓa sayar da naman sata ya tuba, 'ya'yana kuma 'ya'yan wannan mutumin ne. Ban saci komai ba, ba zan tuba daga abin da ban yi ba.

Kullum da safe sai in zo in share wurina, in wanke katako, in hura gawayi, in jera tsinke babu nama, in zauna a ƙarƙashin allon. Mutanen da suka shekara suna cin abin hannuna suka riƙa tsallaka titi don kada mu haɗa ido. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Wasu kuma su tsaya su ce Shehu ya taɓu, yana fifita wutar da ba komai a kanta. Haka na yi kwana goma sha takwas. A na sha tara, ina kallon garwashi, na tuna ranar da Baba Tanko ya sa na mayar da cinya kwata saboda kunne. Na yayyafa wa wutar ruwa, na tsayar da mai acaba na ce Doma, har gaba.

Na sami Arɗo da hantsi a gindin wata ɗorawa, shi da 'ya'yansa maza uku. Shingen shanun yana nan fayau, ba komai a ciki. Maruƙan suna ɗaure a dangwali suna ta kuka. Na yi sallama, aka amsa a daƙile, ba wanda ya shimfiɗa mini buzu. Na tsuguna a ƙasa.

"Baffa, ban zo rantsuwa ba, ɓarawo ma yana rantsuwa. Daga ranar da aka kwashe shanunka zuwa ranar da ka zo wurina kwana goma sha ɗaya ne. Dabba goma sha ɗaya na taɓa namansu. Zan faɗa maka su ɗaya bayan ɗaya. Ka san shanunka. In ka ji taka a ciki, ga ni, ga 'ya'yanka."

Na fara. Ranar farko jan sa ne mai gajeren ƙaho, kunnen dama an huda, daga hannun wane. Ta biyu tsohuwar farar saniya, ƙahon hagu a karye, ba tsaga ko ɗaya. Ta uku baƙin bijimi mai farin goshi, an yi masa lamba da wuta a cinya. Ina faɗa ina ambaton dillalin da kasuwar da aka kawo ta. A ta huɗu na ga babban ɗan ya daina wasa da sandarsa yana saurare.

Da na gama ta shida sai na tsaya. Na san abin da ke ta bakwai. Tun a kwata na ga kunnen na gane tsagar gidan Arɗo ce, na tambayi dillali ya ce Arɗo da kansa ya sayar. Amma maganar dillali kawai gare ni, kuma dillali ba annabi ba ne. Ina iya tsallake ta in ƙirƙiro wata, ba wanda zai sani. Na ce a raina, in na yi ƙarya ɗaya a nan, to gara ma da na sauke allon.

"Ta bakwai farin bijimi ne mai ɗigon baƙi a wuya. Kunnen hagu tsaga biyu, na dama an yanke bakinsa."

'Ya'yan nan uku suka miƙe tsaye lokaci ɗaya. Arɗo ya ɗaga hannu ba tare da ya kalle su ba.

"Yaya tafiyarsa?"

"Yana ɗingishi, Baffa. Ƙafar baya ta dama. Akwai tsohon tabo a gwiwar, gashi bai fito a wurin ba."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya yi wa 'ya'yansa magana da Fulatanci, suka zauna. Ya ce, "Wannan ni na kai shi kasuwar Doma da hannuna, tun kafin ɓarayi su zo. Ƙafar ce ta sa na rabu da shi." Ya ɗago ya kalle ni. "Ka san tsagar gidana ce?"

"Na sani."

"Kuma ka faɗa."

"Na ci namansa, Baffa, na sayar wa mutane. Yaya zan tsallake shi?"

Ya ce in ƙarasa. Na ƙarasa sauran huɗun, ba tasa a ciki. Aka kawo mini nono a ƙwarya na sha. Bai ce na wanku ba, bai ce ban wanku ba, Allah ya kiyaye hanya kawai ya ce. Na dawo Lafiya ban san matsayina ba, na ci gaba da hura wutata babu nama.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Arɗo da babban ɗansa, Sarkin Pawa yana biye da su. Ɗan yana ɗauke da cinyar rago a cikin ganye. Ashe daga cikin 'yan tumakin da suka rage masa ya jawo ɗaya tun daga ruga, ya sa aka yanka a kwata a gaban kowa. Ya ajiye cinyar a kan katakona.

"Yi mini irin naman nan na allo."

"Baffa, sai ya jiƙa awa uku."

"Ina da wani garken da zan je kiwo ne?"

Ya zauna a bencin nan da kuke zaune. Na yanka, na daka, na cuɗa, na rufe, na soya gyaɗa. Awa uku dattijon nan yana zaune da sanda tsakanin gwiwoyinsa, mutane suna taruwa. Mahauta suka baro rumfa, masu nono suka sauke ƙore, masu keke suka faka suka toshe hanya. Ban taɓa gasa nama da tsoro irin na ranar ba. Ban amsa gaisuwar kowa ba, idona yana kan garwashi har na sauke tsinke goma, ko ɗaya bai ƙone ba. Na jawo takarda zan naɗe masa kamar kullum. Sai ya sa sanda ya danne takardar.

"Wa ya ce ka naɗe? A nan zan ci."

Ɗansa ya ce, "Baaba!" ya kawar da fuska gefe. Wata tsohuwa cikin masu nono ta rufe bakinta da mayafi. Arɗo ya ɗauki tsinke. Ya tsoma a miyar gyaɗa yadda na nuna masa, ya yi bisimilla, ya kai baki, a tsakiyar kasuwar Lafiya, ido ya fi ɗari a kansa. Gumi yana zubo masa ta ƙarƙashin malafa. Ni na san abin da cin nan ya ci masa, sai na ji idona ya cika, na ɗora wa hayaƙi laifi. Ya cinye tsinken tas, ya ajiye, ya goge gemu. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Bawana, har da sukari a nama? Kai, Barebari dai ba ku iya komai ba. Ƙaro mini biyu."

Sarkin Pawa ne ya fara dariya, sannan kasuwa ta ɗauka. Ya miƙa hannu shi ma ya ɗauki tsinke, ya ce gobe in zo kwata da wuri.

Shanun Arɗo ba su dawo ba, ko ɗaya. Ya ƙara shekara huɗu yana zuwa inuwata kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma bai sake cin komai a gabana ba, na koma naɗe masa a takarda. Allon kuwa ga shi can, sau biyu ina sabunta fentin, ban canja harafi ko ɗaya ba.

To kai mai cewa nama ne da wuta da yaji, in da gaske kake ina ɗaukar masu koyo. Amma kada ka zo mini da wuƙa, ba ka kai nan ba. Gobe bayan asuba ka same ni a kwata kafin a kayar da dabba. In mun dawo zan tambaye ka kunnenta.